Zaman Jama'a da Lafiyar Ɗalibi a Islamiyyar Jeka-ka-dawo: Nazari daga Kwararafa, Jos

Duk al'ummar da ta riƙe addininta da muhimmanci, ta kuma sami kanta a garin da ya tara jama'a iri-iri, takan wayi gari ta kafa makarantar kanta. Yahudawan Amurka sun yi haka, har a shekarar 1944 suka kafa ƙungiyar Torah Umesorah domin yaɗa makarantun da yaro zai koyi Attaura da Ibrananci tare da lissafi da kimiyya, da yamma kuma ya koma gidan iyayensa. 'Yan mishan sun yi haka a Jos da suka buɗe makarantar Hillcrest a 1942 saboda 'ya'yansu. Musulmin tsakiyar Jos ma sun yi haka, Islamiyyun da ke cikin lungunan Kwararafa da Gangare da Dilimi da Sarkin Mangu su ne shaida. An yi rubuce-rubuce da dama a kan abin da irin waɗannan makarantu suke koyarwa da aƙidar da suke dasawa. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne jikin yaron da ke zaune a kan benci ko tabarma yana ɗaukar karatun: ruwan da ya sha, barcin da ya samu, iskar da yake shaƙa, da fargabar da ya taho da ita daga gida. Tambayar wannan nazari guda ɗaya ce: ta wace hanya zaman jama'ar da ta kafa makaranta yake taɓa lafiyar ɗalibinta? Matsayinmu kuwa shi ne, babban jarin irin wannan makaranta yarda ce, kuma ta ƙofar da yarda take bi ta kawo kariya, ta nan cuta da jita-jita suke bi su shigo.

Wajibi ne mu fayyace kalmomi uku da za su yi ta maimaituwa. Ta farko, makarantar al'umma ta jeka-ka-dawo: muna nufin makarantar da masallaci ko ƙungiyar addini ko wani malami da jama'ar unguwa suka kafa, ake biyan malamanta daga kuɗin iyaye da gudummawar masu hali, ɗalibi kuma yake kwana a gidansu. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya raba ta da makarantar kwana da kuma tsangaya, inda almajiri yake nesa da mahaifiyarsa. Matsalolin almajiri na daban ne, sun cancanci nasu nazarin. Ta biyu, zaman jama'a: wato igiyoyin da suka ɗaure mutanen unguwa, irin su zumunci da auratayya da maƙwabtaka, haɗuwa a sahun salla sau biyar a rana, suna da biki da zaman makoki, majalisar ƙofar gida, adashin mata, a yau kuma har da zaurukan WhatsApp. Ta uku, lafiya. A nan mun ɗauki ma'anar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a kundin tsarinta da ya fara aiki a 1948, wadda ta haɗa lafiyar jiki da ta hankali da ta zamantakewa, ba ta tsaya ga rashin ciwo kaɗai ba. Ma'anar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Malaman usulu irin su Imam Gazali da Imam Shaɗibi sun lissafa kare rai da kare hankali da kare zuriya cikin manufofi biyar da shari'a ta zo ta tsare, tare da addini da dukiya. Makarantar addini da ta kula da lafiyar ɗalibanta ke nan tana cikin aikinta na asali. Malaman Yahudawa ma suna da ƙa'idar da ta fifita ceton rai a kan kusan dukkan dokokinsu, har da hutun Asabar.

Makarantun da ma'ana ta farko ta shafa a Jos sun kasu gida uku. Na farko, makarantar allo ta zaure, wadda 'yan unguwa ke zuwa da sassafe ko bayan la'asar ko bayan magariba; malami ɗaya ne da manyan ɗalibansa, babu aji, babu rajista. Na biyu, Islamiyyar yamma da ta ƙarshen mako, mai azuzuwa da allon bango da yunifom, wadda yaro ke zuwa bayan ya taso daga boko. Na uku, makarantar haɗaka, wadda ta gwama manhajar gwamnati da Alƙur'ani da Larabci da fiƙihu a wuni guda, tun safe har la'asar. Makarantun hadda na zamani suna cikin wannan gida. Ƙungiyoyi sun taka rawa babba wajen yaɗa gida na biyu da na uku. Izala, wadda Sheikh Isma'ila Idris ya kafa a nan Jos a 1978, ta mayar da buɗe Islamiyyu, har da na matan aure, ginshiƙin aikinta. Jama'atu Nasril Islam da Fityanul Islam da zawiyoyin ɗariƙu suna da nasu, haka ma FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi da aka kafa a Minna a 1985. Amfanin wannan rabe-rabe ga mai nazarin lafiya shi ne tsawon zaman yaro. Wanda zai yi awa biyu ya koma gida buƙatarsa kaɗan ce. Wanda zai yi awa takwas dole ya ci, ya sha, ya kewaya, ya yi alwala, ya kuma sami inda zai kwanta idan zazzaɓi ya rufe shi. Saboda haka nauyin lafiya ya fi hawa kan makarantar haɗaka, a kanta kuma mafi yawan bayaninmu zai faɗa.

Wurin da ake magana

Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga gaɓar teku, kuza ce kuma ta tara ta. Da Turawa suka buɗe haƙar kuza a farkon ƙarni na 20, ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, babban layin da ya taso daga Fatakwal kuma a 1927, sai leburori da fatake da mahauta da malamai daga Kano da Bauchi da Zariya da Borno suka zauna kusa da Birom da Anaguta da Afizere. Kwararafa tana cikin wannan tsohon gari, a Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, daf da Babban Masallacin Juma'a da kasuwar Taminus: gidaje a manne da juna, shaguna a gaba, fili kuwa ya yi wuya. Abu biyu suka bambanta ta da takwarorinta na Kano ko Katsina. Na ɗaya sanyi, za mu dawo kansa. Na biyu rabuwar unguwanni. Rikicin Satumba 2001 da na Nuwamba 2008 da na Janairu 2010 sun ci rayukan Musulmi da Kirista, bayan kowane ɗaya kuma mutane sun ƙara tattarawa zuwa inda nasu suka fi yawa. Unguwannin tsakiya suka cika maƙil. Uwa kuma ba ta son makarantar da ɗanta zai ƙetare iyakar unguwa kafin ya isa, domin ta san idan gari ya rikice da hantsi ba ta da hanyar ɗauko shi. Wannan tsoro, wanda yake da dalilinsa, ya ƙara wa makarantun cikin unguwa ɗalibai fiye da abin da gine-ginensu za su ɗauka.

Gini, iska da ruwa

Daga nan matsalar gini ta samo asali. Gidan zama ake mayarwa makaranta, ɗakin kwana ya koma aji, idan ɗalibai sun ƙaru a ɗora bene a kan tubalin da ba a aza shi don haka ba. Ranar 12 ga Yuli 2024 benen makarantar Saints Academy da ke Busa Buji, a cikin Jos ta Arewa, ya rufta a kan ɗalibai da safe, mutum 22 suka rasu, fiye da ɗari suka jikkata. Makarantar kuɗi ce, ba Islamiyya ba, amma babu kwamitin makaranta a Jos da zai ce abin bai shafe shi ba. A al'adarmu mai hali yakan ba da siminti da rodi a ɗora hawa, a yi masa addu'a, kunya kuma ta hana a tambayi ko injiniya ya duba ƙasan. Mun fi ganin a sanya kuɗin injiniya cikin sadakar tun farko.

Iska kuwa a Jos tana rikici da sanyi. A Disamba da Janairu ma'aunin zafi yakan sauka kusa da digiri 10 da dare, hunturu kuma ya zo da ƙura. Abin da malami zai yi da safe shi ne ya rufe tagogi, ba kuma za a zarge shi ba, domin yara suna karkarwa. To amma ajin da manufar ilimi ta ƙasa ta ce kada ya wuce yara 35 a firamare, idan aka zuba masa ninkin haka aka rufe taga, numfashin kowa ya zama na kowa. Mura da tari da ciwon haƙarƙari da ƙyanda da sanƙarau duk ta iska suke bi, lokacinsu kuma shi ne wannan lokaci. Maganin mai araha ne: a bar yaro ya sa rigar sanyi da safa da hula a kan yunifom ko ƙarƙashin hijabi ko da launinsu bai dace da na makaranta ba, a buɗe tagogin da ke fuskantar juna, a ɗaga masu zama a kan siminti da tabarma mai kauri ko benci. Makarantar da take korar yaro saboda launin rigar sanyinsa ta fifita ado a kan ƙirji.

A wajen ruwa makarantar addini tana da riba da ba kowace makaranta ke da ita ba. Babin tsarki shi ne farkon abin da yaro ke karantawa a fiƙihu, buta kuma ba ta rabuwa da shi. Sai dai dole mu bambanta tsarki na shari'a, wato gusar da hadasi da najasa da ruwa mai tsarkakewa, da tsabta ta likita, wato rage ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani. Ruwan rijiyar da ke kusa da masai yana iya zama garau, launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su sauya ba, ya halatta a yi alwala da shi, alhali yana ɗauke da taifot ko kwalara. Bincike da dama sun nuna wanke hannu da sabulu yana rage gudawa a tsakanin yara da kusan kashi ɗaya cikin uku, sabulu kuwa ba ya cikin farillan alwala, sai an koyar da shi daban an kuma ajiye shi a ƙofar banɗaki. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 domin makarantun ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ya ce a makarantar jeka-ka-dawo kowane mutum yana buƙatar lita 5 a rana, 'yan mata 25 kuma banɗaki ɗaya. Makaranta mai ɗalibai 400 ke nan tana neman lita 2,000 kullum, wato jarka 80 masu cin lita 25, ba a ma lissafa alwalar azahar da la'asar ba. A unguwar da famfo yake zuwa yau gobe ya ɗauke, wannan kuɗi ne da ake miƙa wa 'yan garuwa. Idan aka gaza, 'yan mata ne suke fara biya: sukan ƙi shan ruwa don kada fitsari ya matse su, masu haila kuma su zauna a gida. Ambaliyar Yuli 2012 da ta ci gidaje da rayuka a Rikkos da Gangare, da kwalarar 2021 da aka ƙiyasta ta kama fiye da mutum 100,000 a faɗin Najeriya, sun nuna yadda damina take haɗa kwata da rijiya a gari mai cunkoso.

Abinci da lokaci

Jos ta ba duniya darasi guda a kan abincin yara. Akwai ciwon da ke tausasa ƙashin yaro har ƙafafunsa su lanƙwashe, su yi baka ko gwame. A ƙasashen Turai an san shi da rashin hasken rana, wanda jiki ke buƙata don ya samar da bitamin D. A Jos kuwa rana ba ta yi ƙaranci ba, ga kuma ciwon. Binciken da Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a kan yara 123 a Jos, aka buga a mujallar New England Journal of Medicine a 1999, ya gano cewa abin da yaran suka rasa shi ne kalsiyam, wato sinadarin da ke gina ƙashi, kuma waɗanda aka ba su shi sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D zalla. Abincinsu masara ce da dangoginta, madara kuwa kaɗan. Daga baya an gwada garin busasshen kifi da ƙashinsa, shi ma ya yi aiki. Ciwon ya fi kama ƙananan yara, saboda haka malamar ajin raino ita ce ta fi kowa damar ganinsa da wuri, idan an nuna mata abin da za ta duba.

Shirin ciyar da ɗalibai da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 an tsara shi ne domin firamaren gwamnati, aji ɗaya zuwa uku. Bai shafi makarantun al'umma ba. Abin da ɗalibin Islamiyya ya dogara da shi shi ne kumallon gida da kuɗin tara. Kuɗin tara kuma a bakin ƙofa yake ƙarewa, wurin mai awara da mai ƙosai da mai ɗanwake, ko wurin mai alawa da lemon leda. Hukuma za ta ga waɗannan mata a matsayin masu talla da ya kamata a kora. Mu muna ganin iyayen unguwa ne, da yawansu 'ya'yansu na cikin azuzuwan, shugaban makaranta kuma ya san mazajensu a masallaci. Magana ɗaya a taron iyaye da malamai ta isa ta sa a rufe abinci, a ajiye ruwa da sabulu kusa da kaskon suya, a daina maimaita man da ya ƙone. Ga misalin inda zaman jama'a yake yin abin da takardar gargaɗi ba ta iyawa.

Lokaci ma abinci ne ga ƙwaƙwalwa. Likitocin barci sun ce yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12 a kwana. Yaron da ya tashi asuba, ya yi tilawa, ya tafi boko, ya dawo ya sauya yunifom ya tafi Islamiyya, ya yi muraja'a bayan isha, a tsakani kuma aka aike shi ɗibar ruwa ko tsaron shago, da wuya ya cika wannan. Gyangyaɗin da ake yi masa bulala a kai sau da yawa bashin barci ne ko ƙarancin jini ko yunwa. Hadda kuwa a cikin barci take zama, don haka rage barci domin ƙara shafi asara ce ko a ma'aunin masu haddar.

Cututtuka masu yaɗuwa da batun yarda

A nan ne matsayinmu ya fi fitowa fili. Ƙyanda tana daga cikin cututtukan da suka fi kowace saurin yaɗuwa: mutum ɗaya yana iya shafa wa 12 zuwa 18 a cikin jama'ar da ba ta da kariya, ƙwayar cutar kuma takan tsaya a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita. Sai kashi 95 cikin ɗari na yara sun sami allura biyu kafin a ce an toshe mata hanya. A Najeriya ana yin ta farko a wata 9, ta biyu a wata 15. Al'ummar da yaranta ke aji ɗaya da safe, sahu ɗaya da azahar, gidan biki ɗaya da yamma, idan kaɗan daga cikinta suka ƙi allura, cutar ba ta da wahalar zagayawa. Abin da ya faru a birnin New York ke nan daga 2018 zuwa 2019, inda aka sami mutum 649 da ƙyanda, mafi yawansu a unguwannin Yahudawa masu riƙo da addini a Brooklyn. Manyan malamansu da yawa suna goyon bayan rigakafi. Ƙasidu da layukan waya masu tsorata iyaye mata ne suka zagaya daga hannun amintacce zuwa hannun amintacce. Hukumar birnin ta wajabta allura a wasu unguwanni a Afrilu 2019, ta rufe wasu makarantu, jihar kuma ta soke uzurin addini a Yuni. Amma cikin abubuwan da suka sauya zukata har da ma'aikatan jinya 'yan cikin al'ummar, waɗanda suka zauna da iyaye mata suka amsa tambayoyinsu da harshen da suka sani.

Mai karatu Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa wannan labari. Ya tuna dakatar da allurar shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, ya kuma tuna cewa shakkun bai faɗo daga sama ba: gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara lokacin sanƙarau na 1996 yana cikin zukata. Ya san kuma cewa sarakuna da malamai da mata masu shiga gida-gida ne suka dawo da yardar, har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a Agusta 2020. Mashaƙon da ya ɓarke daga ƙarshen 2022, ya fi tsanani a Kano, ya fi kama yaran da suka kai shekarun makaranta ba su kammala allurarsu ba. Jos ma tana da nata kyakkyawan misali: Cibiyar Carter, wadda ofishinta na Najeriya yake a garin, ta yi shekaru tana aiki da ma'aikatun lafiya na Filato da Nasarawa wajen rabon maganin tsargiya ga yara 'yan makaranta, a 2017 kuma aka sanar da katse yaɗuwar tundurmi a jihohin biyu, aikin da ya tsaya a kan masu rabon magani 'yan cikin gari. Abin da ya rage wa Islamiyya shi ne ta nemi katin rigakafi ranar ɗaukar ɗalibi, wanda ba shi da shi kada a kore shi, a haɗa mahaifiyarsa da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa. Idan kuma sabuwar allura ta zo, kamar ta kariya daga kansar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoba 2023, ya kamata likita Musulma ta riga saƙon murya na WhatsApp isa wurin iyaye.

Ciwon gado

Sikila, wadda wasu ke kira amosanin jini, ciwo ne da ake gada daga iyaye biyu. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da rabinsa, wato AS, ba tare da ciwo ba, ana kuma ƙiyasta haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu SS a ƙasar kowace shekara. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Sanyi da ƙishirwa da zazzaɓi suna tayar da ciwon, saboda haka ɗalibi mai sikila a Jos yana cikin haɗarin da ya fi na ɗan'uwansa na Sakkwato idan hunturu ya shigo. Alwala da ruwan randa da asubahin Janairu tana iya kwantar da shi. Fiƙihun da ake koya masa ya riga ya ba shi mafita: ruwan ɗumi, ko taimama idan ruwa zai cutar, da sassaucin azumi ga mara lafiya. Sai dai yaro ba zai nemi rangwame a gaban sa'anninsa ba. Malami ne zai faɗa a aji, a matsayin hukunci na kowa, kafin buƙata ta taso.

Yahudawan Brooklyn sun fuskanci makamancin wannan da ciwon Tay-Sachs, mai kashe yara tun suna ƙanana. Rabbi Josef Ekstein, wanda ya rasa 'ya'ya huɗu ta dalilinsa, ya kafa shirin Dor Yeshorim a 1983. Ana ɗibar jinin samari da 'yan mata tun suna makarantar sakandare, a ba kowa lamba, ba a gaya masa sakamako; idan maganar aure ta taso sai a haɗa lambobin biyu a ce sun dace ko ba su dace ba. An tsara shi haka ne don kada a ɓata sunan wani gida. Ba mu ganin ɓoye sakamako ya dace da sikila, domin mai AS yana da haƙƙin sanin jininsa. Abin ɗauka shi ne lokacin gwajin. Dokar da Jihar Kano ta sa wa hannu a 2024 ta wajabta gwaji kafin ɗaurin aure, masallatai da dama ma suna neman takarda. Amma gwajin da aka yi bayan an kai kuɗin gaisuwa an sa rana yakan zo bayan zukata sun ƙullu, daga nan ake fara neman takardar bogi. Gwaji a ajin ƙarshe na Islamiyya, da izinin iyaye, sakamako a rufe a hannun mai shi, ya fi sauƙi ga kowa.

Abin da kunya ke rufewa

Lafiyar hankali ita ce inda kusancin jama'a ya fi yin kaifi biyu. Mafi yawan ɗaliban yau an haife su bayan 2010, amma sun tashi a gidajen da ake lissafin wanda aka rasa, sun kuma ga dokar hana fita ta awa 24 a Agusta 2021. Yaron da ke firgita da ƙarar taya, ko yake fitsarin kwance bayan ya daina, yana buƙatar babba mai sauraro. Zaman jama'a yana ba da wannan ta hanyar ta'aziyya da addu'a da riƙon maraya, abin da asibiti ba ya iya bayarwa. Amma wannan kusanci ne kuma yake sa a rufe abin da bai kamata a rufe ba. Idan malami ya wuce iyaka da bulala har ya ji wa yaro rauni, ko wani babba ya ci zarafin yarinya, sai a ce a rufa asiri, ɗan gidan wane ne, a sasanta a zaure. Rufin asiri na mai laifin da ya cuci kansa ne. Wanda ya cuci yaro kuma yake da damar sake cutar wani, rufa masa asiri taimakon zalunci ne. Haka kuma idan ɗaliba ta yanke jiki ta faɗi, ruƙiyya ba ta hana a auna jininta a kuma binciki farfaɗiya. Samari kuwa, binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da ƙwaya, a shekarar ce kuma aka hana maganin tari mai kodin. Yaron da aka kora daga Islamiyya saboda an kama shi da tiramol, 'yan sara-suka ne suka fi kowa saurin karɓarsa.

Wa zai riƙe aikin?

Najeriya tana da manufar lafiyar makarantu tun 2006, wadda ta bi sahun tsarin da aka amince da shi a taron ilimi na duniya a Dakar a 2000: ƙa'idojin makaranta, ruwa da banɗaki, koyar da lafiya a aikace, da hidimar jinya da abinci. Makarantar da kuɗin zangonta bai kai ya biya malamai a kan lokaci ba ba za ta ɗauki nas ba, faɗin haka kuma adalci ne gare ta. Amma tana da ma'aikatan da ba ta lissafa ba. 'Yan agaji na Izala da na Jama'atu da na Fityanu suna da horo da yunifom da biyayya, ana ganinsu a filin Idi da wurin wa'azi da sansanin alhazai. Irin wannan sa-kai ne Yahudawan unguwar Williamsburg ta Brooklyn suka mayar da shi motocin ɗaukar marasa lafiya na Hatzalah tun shekarun 1960. Ɗan agaji ɗaya da 'yar agaji ɗaya da aka ɗora wa makaranta guda, da akwatin taimakon farko da littafin da aka rubuta mai sikila da mai asma da mai farfaɗiya da lambar iyayensu, za su rage dogaro da mai kemis na kan kwana, wanda shi ne likitan farko a yau. Dole kuma a san tun kafin rana ta ɓaci inda za a kai yaro: Asibitin Ƙwararru na Filato, ko Jankwano, ko OLA, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, da hanyar da za a bi idan gari ba lafiya. Jankwano da OLA na coci ne, Musulmin Jos kuma sun daɗe suna jinya a cikinsu. Kwamitin makarantar da ya ƙulla sanayya da su a lokacin zaman lafiya ya yi wa ɗalibansa tanadi.

Saura kuɗi. Masu hali a Jos ba su gaza wajen gina masallaci da aji ba, gini ne da ake gani a kuma sa masa suna. Sabulu da kwashe masai da gyaran famfon burtsatse da albashin mai shara kuwa kowane wata suke dawowa, su ne kuma ba su da mai ɗauka. Waƙafi, wato tsayar da dukiya a bar amfaninta yana gudana ga wata hidima, an shar'anta shi ne domin irin wannan. Shago ɗaya a Kwararafa da aka tsayar da hayarsa ga ruwa da banɗakin makaranta guda, da amintattu uku masu sa hannu da lissafin da ake karantawa a taron iyaye kowane zango, zai iya riƙe waɗannan jarka 80 har bayan ran wanda ya bayar.